Hayaƙi Biyu a Adaka Ɗaya

Ranar nan a wajen walimar suna a Springfield na ji wani daga cikinku yana gaya wa abokansa wai aikin Baba Sule, wato ni, ba wani abu ba ne, ka zuba kaya a inji, ka danna, ka koma kan wayarka. Suka yi dariya, ni ma na taya su, don shinkafa ce cike da bakina. Amma maganar ta tsaya mini. Ku da kuka tashi a nan, kowa likita ne ko injiniya ko yana kan hanya, da an ce mai wanki sai ku hango ɗakin injinan nan na ƙasan bene inda ake jefa sulalla. To ku gyara zama. Shekara goma sha bakwai na yi ina cire ƙaurin gobara daga tufafin mutane, kuma har na ajiye aikin ban gama koyonsa ba.

Ni mutumin Fagge ne, da dutsen guga na gawayi na buɗe ido, don kawuna wanki da guga yake yi kuma a hannunsa na tashi. Shadda, leshi, atamfa, babbar riga mai aiki har ƙasa, babu wadda ban san halinta ba. Da na ci bizar caca na zo ƙasar nan a farkon shekarun dubu biyu, sai da na yi wata takwas ina gadin wurin ajiye motoci. Sannan wani direba ɗan Damagaram da muke sallah tare ya ce akwai wani ƙaramin kamfani a bayan layin dogo da ke neman wanda ya san yadi. Aikinsu shi ne, idan gida ya yi gobara, 'yan kwana-kwana suka kashe suka naɗe tiyonsu suka tafi, abin da wuta ta bari hayaƙi ya riga ya shige shi. Sai kamfanin inshora ya kira su, su kwaso tufafi da labule da barguna, su mayar da su kamar ba abin da ya faru. Na ce a raina, wanki dai? Ai an zo gidana.

Aikina na farko wata farar riga ce, baƙin hayaƙi ya kwanta a kafaɗarta kamar an barbaɗa kwalli. Mai kula da sashen yadi wata tsohuwar Baturiya ce, gajera, gashinta fari fat, sunanta Ailin, mu kuma Mama Ailin muke ce mata. Ta miƙo mini rigar ta ce in nuna mata abin da na iya. Ni kuwa da rawar jiki na tari ruwa, na goga sabulu, na hau cuɗawa irin ta Fagge. Tana tsaye hannu a ƙugu har baƙin ya narke ya bi zare, kafaɗar ta koma ruwan toka. Na ɗauraye sau huɗu, ko gezau. Sai a lokacin ta gaya mini rigar ba ta kowa ba ce, a gwanjo take sayo irinsu ta shafa musu baƙi saboda sababbin zuwa masu ji da kansu. Ta ce baƙin hayaƙi maiƙo ne da ƙura, yana zaune a saman yadi kamar baƙo, amma da ka zuba masa ruwa ka mayar da shi ɗan gida. Kunya ta kama ni sosai, ni da nake ganin da sabulu aka yanke mini cibiya. Wata uku ta hana ni taɓa famfo.

Kayan aikin ba su da wani kwarjini. Na farko soso ne na roba, busasshe, kamar yankan burodi, wanda bai taɓa ganin ruwa ba kuma ba zai gani ba. Ba a gogawa da shi. Dannawa ake a ɗaga, a matsa gaba, a danna a ɗaga, idan fuskarsa ta yi baƙi a sa reza a yanke ta a ci gaba da sabuwa. Sai injin zuƙar ƙura, shi ma ba a barin bakinsa ya taɓa yadi, ana shimfiɗa raga a tsakani. Sai buroshi mai laushi don aikin zare, da farar safar hannu ta auduga da ake shafa kayan da ita a ƙarshe, idan ta fito da ɗigon baƙi ko ɗaya a koma farko. Labule ɗaya na falo yakan ci mini yini guda a tsaye. Bayan duk wannan ne ake maganar ruwa ko injin da kuke ta faɗa.

Akwai wani gida a Fort Washington da ba zan manta ba. Matar gidan ta ɗora kaza a wuta, aka kira ta makarantar yaranta, ta fita ta manta. Ba abin da ya ƙone ban da tukunya. Da aka kawo kayan na duba, fes, babu baƙi ko kaɗan, na ce wannan ai kyauta ce. Mama Ailin ta ce in sa hancina. Kai! Na kwana biyu ban ci nama ba. A nan na san hayaƙi ba iri ɗaya ba ne. Na itace da takarda mai sauƙin kai ne, busasshe, soso yana ɗauke shi. Na roba, irin na kujerun zamani da kafet da wayar lantarki, baƙi ne ƙirin mai danƙo, ka taɓa shi ya bi hannunka, kuma dafi ne, ba a barin mutum ya sa shi a jiki. Na nama kuwa ba a ganinsa sam, amma yana shiga har cikin ɗinkin aljihu ya zauna. Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya ba wani maganin wani ya kashe kayan mutane.

Saboda haka babban kayan aikin hanci ne. Ba ma shafa turare, ba ma cin albasa da rana, mai shan sigari kuwa ba a ma ɗaukarsa a sashenmu. Idan an gama da kaya sai a ɗaure shi a leda a ajiye wuri mai ɗumi ya kwana, da safe mutum uku su shinshina ɗaya bayan ɗaya. Idan ɗaya ya yamutsa fuska, kayan bai fita ba. Mama Ailin tana da wata kalma da take rubutawa a jikin ledar da ta faɗi jarrabawa, reeky. Ban taɓa jin wani Ba'amurke ya faɗe ta ba sai ita. Na tambayi abokan aiki, suka ce mai wari ke nan. Wata rana muna cin abincin rana na faɗa mata haka, sai ta ajiye cokali. Ta ce yanzu ne ta zama haka. Kakarta daga Sikotilan ta zo, kuma a bakin kakar kalmar ba zagi ba ce, mai hayaƙi kawai take nufi. Tushenta tsohuwar kalmar Turawan Ingila ce ta hayaƙi, tun kafin wadda ake amfani da ita yau ta yi ƙarfi, har yanzu ma Jamusawa da 'yar'uwarta suke kiran hayaƙi. Gidan da aka ce masa haka a ƙauyen kakarta gida ne mai rai, an hura wuta, an ɗora tukunya. Sannu a hankali, a cewarta, da mutane suka cunkushe a birane suna ƙona kwal, hayaƙi ya zama abin ƙyama, kalmar ta bi shi ta koma wari. Ta ɗauki cokalinta ta ce ita dai da ma'anar kakarta take rubutawa, wanda ya so ya karanta da tasa.

Abin da ya gagari soso da wanki, ɗakin ozon ake kai shi. Ƙaramin ɗaki ne marar taga, a rataye kayan, a kunna wani inji da ke fitar da wata iska mai kaifi da ake kira ozon, a rufe ƙofa a manna jan kati. Ba mai shiga sai an kashe an buɗe fanka, don tana ƙona huhu. Tana cin robar wando, tana sa fata ta bushe. Amma wari kam ba ta barin ko ɗaya, kuma ba ta tambayar wannan na mene ne, duk abin da hanci zai ji sai ta cinye shi. Mama Ailin ba ta son ɗakin. Takan ce wurin ragwaye ne, kuma sai da sa hannunta ake buɗe shi.

Masu kayan kuwa, na ga iri-iri. Wani tsohon soja a Alexandria bai damu da kwat ɗinsa masu tsada ba, hular ulu ɗaya da ta tsufa ya yi ta bugo waya a kanta. Wata mata ta rantse mun canja mata bargo don ya fi yadda ta san shi haske. Mutumin da gobara ta taɓa ba ya cikin hayyacinsa, ko ya yi maka tsawa ba da kai yake ba. Mama Ailin kan kira kowane gida kafin ta fara, ta yi ta hira da su kamar mai neman dangi. Ni a lokacin gani nake ɓata lokaci ne irin na tsofaffi.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce bayan karyewar kasuwar gidaje. Mai kamfanin ya sayar wa wasu manya, Mama Ailin ta ce gwiwoyinta sun gaji, ta koma wurin 'yarta a wata jiha. Aka ba ni kujerarta. Sababbin masu gida suka rage ma'aikata, suka ce gwajin mutum uku ya zama na mutum ɗaya, ɗakin ozon kuma ba ya bukatar sa hannun kowa. Sai ga sanyin nan da dusar ƙanƙara ta rufe gari sau biyu a mako ɗaya. Wutar lantarki ta ɗauke a unguwanni, mutane suka koma kyandir da ƙananan hita na ɗumama ɗaki, wasu har da murhun gasa nama a cikin gareji. Gobara ta ko'ina. Ledoji suka taru har rufi, ba wurin taka ƙafa. Hancina ya gaji, da yamma ko lemo na ɓare ƙauri nake ji. Na fara tura kaya ɗakin ozon kamar mai loda mota a tasha, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, har yabona aka yi a taron ma'aikata.

A cikin wannan rububin aka kawo kaya daga wani dogon bene na yammacin Alexandria. Wutar a hawa na ƙasa ta tashi, ta ci kujeru da kafet, hayaƙin roba ya bi ta ramukan iska ya hau gidajen sama. Ɗaya daga cikin gidajen na wani Injiniya Modu ne, mutumin Maiduguri. A ofis aka gaya masa shugaban sashen yadi ɗan Najeriya ne, sai ya nemi a haɗa mu a waya. Muka gaisa da Hausa, na yi masa jaje, ya yi hamdala ba a rasa rai ba. Sannan ya ce akwai kayan mata da aka kwaso daga wata adaka, ya san ba sai ya yi mini bayani ba, tunda Allah ya sa ɗan gida ne a wurin.

Na ce, "Haba Yallaɓai, kwantar da hankalinka. Kamar sababbi za su dawo."

Ya yi godiya, muka ajiye waya. Duka maganar ba ta kai minti uku ba.

Da na kwance ledojin sai ga lafaya da zannuwa da mayafai, masu kyau, an ninke su da hannun da ya san ninki. Na sa hanci. Akwai ƙaurin roba, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da na sani tun ina yaro, turaren wuta, mai nauyi irin na matan Barno, wanda ake turara kaya da shi a kan kasko har ya kama zare. Har murmushi na yi, na tuna gida. Kuma ku ji inda sanin ya cuce ni. Da Ba'amurke ne ya ji wannan ƙamshin, da ya tsaya ya ce mene ne wannan, ya ɗaga waya ya tambaya. Ni kuwa na ce ai turare ne, matanmu kowane mako suna yi, Hajiya za ta sake turara abinta ranar da suka koma. Na wanke su tas, na rataye su a ɗakin ozon kwana biyu. Da suka fito na shinshina, babu komai, kamar yanzu aka yanko su a kanti. Na yi musu guga da hannuna, na ce ni da kaina zan kai, don a gaskiya ina son in ji an ce sannu da aiki da Hausa.

Ranar Asabar da hantsi na same su a gidan da inshora ta kama musu na wucin gadi. Injiniya ya tarbe ni, dogo, mai sanyin magana, ya sa aka kawo mini shayi. Wadda ta kawo 'yarsa ce, Zara, tana jami'a, a nan aka haife ta. Ta durƙusa ta gaishe ni da Hausa, sauran maganar kuma da Turanci, kamar ku. Tana ganin kayan ta ajiye faranti, ta yage ledar farko, ta ciro wata lafaya ruwan goro ta tusa fuskarta a ciki. Na gyara zama ina jiran yabo. Ta daɗe a haka. Sai ta ajiye ta, ta yage leda ta biyu, ta shinshina, ta uku, ta huɗu, tana sauri, har kayan da na goge suka zube a ƙasa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dubi babanta, ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Na ce, "Yallaɓai, ko akwai sauran ƙauri ne?"

Ya girgiza kai. Sai a lokacin ya gaya mini abin da ya ɗauka na sani, ni kuma ban tambaya ba. Mai kayan, mahaifiyar Zara, ta rasu wata biyar da suka wuce. Turaren ita take haɗa abinta, a wurin kakarta ta koya, ba ta taɓa rubuta shi ba, kuma kwalbar ƙarshe ta ƙare tun tana jinya. Abin da ya rage a duniya na wannan ƙamshin shi ne wanda ke jikin kayan nan. Yarinyar takan dawo daga makaranta ta buɗe adakar ta zauna a gabanta. Ranar gobarar ma, da aka fito da su waje cikin sanyi, ba kwamfutarta ta tambaya ba, adakar ta tambaya.

"Ka yi aikinka, Malam Sule," in ji shi. "Ni ne ban buɗe baki na faɗa ba."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na bar shayin, na yi masa sallama na fita. A mota na zauna ina tuna ledojin ɗaya bayan ɗaya, kuma na san abin da hancina ya gaya mini tun ranar farko na ƙi saurara. Adakar a rufe take lokacin gobarar. Ƙaurin a kayan saman kawai yake, biyu ko uku. Na ƙasa lafiyarsu ƙalau, ɗan abin da suka ɗauka a leda suka ɗauke shi, soso da shanya a inuwa sun ishe su. Gobara ta taɓa kaɗan ta bar mata sauran, ni na bi na ƙarasa.

Da na gaya wa matata, sai da ta gama yi mini faɗa tas, ta ce mutum ya tashi a ɗakin uwarsa amma bai san ba kowace mace da hannun turarenta ba. Na ce to ko in nemo matan Barno na yankin nan, in sayi mai kama da shi in turara kayan a mayar. Ta ce in kuskura. Yarinyar shaƙa ɗaya za ta yi ta gane, kuma sai ta rasa abu biyu, ƙamshin da kuma yarda da mu. Sai ta tambaye ni ita adakar tana ina.

Ban ma yi tunaninta ba, don ni yadi ne nawa, akwati ba sashena ba ne. Ranar Litinin da sassafe na duba takarda, na ga an sa ta cikin kayan zubarwa, wai tsohon ƙarfe ne, baƙi ya lulluɓe shi, bai kai a wahala a kansa ba. Motar shara ya kamata ta kwashe su tun makon jiya, dusar ƙanƙara ce ta tare mata hanya. Na ɗauki shebur na fita bayan kamfani, na yi ta tono a cikin tulin katifu da kujerun da suka lalace, yatsuna sun ƙage, har na ga kusurwarta. Akwatin ƙarfe ne irin na da, wanda ake kai amarya da shi, kuma Allah ya taimake ni wanda ya kwashe kayan ya mayar da murfin ya sa sakata. Na ɗan ɗaga shi kaɗan, kamar faɗin yatsa, na sa hanci na mayar da sauri. An manna tsohuwar atamfa a cikinta tun daga gida, kuma atamfar nan ta sha turare shekara ashirin da wani abu. Ƙamshin yana nan.

Na kira Injiniya ya sa hannu aka ba ni adakar. Na roƙe shi ya dawo mini da kayan auduga guda shida, don auduga ta fi shan ƙamshi, kuma kada ya gaya wa Zara, don ban san ko zai yiwu ba, ba na son in karya mata zuciya sau biyu. Na kai adakar wani lungu nesa da ɗakin ozon. Na liƙe bakin murfin da salatif don kada wani abu ya shiga ko ya fita, sannan na bi bayanta da soso, danna ɗaga, danna ɗaga, kamar ranar da na fara. Lungunan ƙarfen da maɗaurin murfi da auduga a tsinke na bi su. Kwana tara ina yi a lokacin cin abincin rana. Da na buɗe, na tarar hayaƙin roba ya ɗan lasa atamfar ta bakin murfi, sai na sa reza na yanke wannan zagayen na yar, ban taɓa sauran ba. A aikinmu babban laifi ne ka haɗa kaya mai tsabta da mai hayaƙi a wuri ɗaya, don sai ya ɗauka. Ranar da gangan na aikata laifin. Na jera kayan a ciki, kowanne yana taɓa bango, na rufe, na liƙe, na ajiye ta kusa da bututun ruwan zafi inda ɗumi ke tayar da ƙamshi. Mako shida ban buɗe ba. Kullum in na zo wucewa sai na dafa ta da hannu.

Da lokaci ya yi ban yarda da hancina ba, matata na ɗauko. Ta zaro mayafi ɗaya ta shinshina, sannan ta ce akwai sandal, akwai farcen haɗa turare, akwai wani abu da ba ta sani ba. Ta ce bai kai na da ba, ko rabi bai kai ba, amma na mace ɗaya ne, ba na kanti ba.

Lokacin sun koma gidansu, ƙanƙara ta narke. Ni da Injiniya muka ɗauko adakar daga lif muka ajiye a tsakar falo. Zara ta fito, ta ga adakar, ta tsaya cak. An gaya mata an zubar. Ta gaishe ni a taƙaice, ban ga laifinta ba. Na ce mata ban dawo da abin da na ɓata ba, ba zan yi mata ƙarya ba, ɗan abin da ya saura ne na tattaro. Ta durƙusa ta zare sakatar, ta ɗaga murfin, ta sunkuya. Na ga kafaɗunta sun sauka. Babanta ya juya yana kallon taga. Ba ta ciro ko ɗaya daga cikin kayan ba, numfashi biyu ta ja, sai ta mayar da murfin da sauri ta danne shi da hannu biyu.

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya yi ja, ta tambaye ni da Turanci, a hankali, kamar mai tambayar likita.

"Baba, duk buɗewa yana raguwa, ko?"

Na ce yana raguwa.

"Sau nawa zan iya buɗewa kafin ya ƙare?"

Ka tambaye ni kwana nawa ƙaurin roba zai yi kafin ya bar ulu, in gaya maka ina barci. Duk abin da na koya na korar hayaƙi ne, ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake riƙe shi.

Na ce, "Ban sani ba, 'yata."

Ta gyaɗa kai. Ta mayar da sakatar, ta gwada ta sau biyu ta tabbata ta kama, sannan ta juya ta zauna a kan murfin.